Hawa Goma Sha Ɗaya A Kan Hatimin Nurhan

Shafi na 23

Na ga saƙonninku tun da safe. Wanda ya ce da gangan na yanke labari jiya don in ja muku rai, Allah ya ɗanɗana masa ciwon gwiwa irin nawa na yini ɗaya kawai. Ke kuma da kika rubuto har sau uku cewa Nurhan ba ta da tarbiyya, karanta wannan tukuna, sannan ki dawo mu yi.

Don waɗanda suka shigo yau: ni ne Sabri dillali, mutumin Damanhur. Nurhan 'yar ƙanwata ce, injiniyar gini, wadda ta rataye hular kwano wata goma sha huɗu da suka wuce, ta shige ɗaki tana koyon rubuta manhajar kwamfuta. Ubanta, Hajji Sha'aban, ɗan kwangila ne. An ba shi izinin hawa biyar a bayan tashar jirgi, ya gina goma sha ɗaya. Yanzu hukuma ta ce mai irin wannan gini ya kawo takardar injiniya, da hatimi da sa hannu, cewa ginin ba zai faɗi ba, sai a yi sulhu a ba shi wuta da ruwa. In babu takarda, a sare abin da ya ƙara.

Injiniya ɗaya ce a gidan nan.

Mun tsaya ranar Juma'a, an sauko daga masallaci, an zauna cin abinci.

*

Ƙanwata Faukiyya ta yanka agwagwa. Duk ranar da ta yanka agwagwa alhali ba salla ba ce, ba kuma baƙo, to akwai wanda ake so ya ce "to" a gidan.

Hajji Sha'aban bai taɓa abincin ba. Ya zaro takarda daga aljihun jallabiyyarsa, ya shimfiɗa ta kusa da kwanon shinkafa, ya ɗora biro a kai.

"Sa hannu. Abinci yana hucewa."

Nurhan ba ta kalli takardar ba. Ta ɗebi miyar mulukiyya ta zuba a kan shinkafarta.

"Baba, na ba ka amsa ranar Talata."

"Ranar Talata da ɗan kwangila kika yi magana. Yau ubanki ne a gabanki."

"Amsarsu ɗaya ce su biyun."

Midhat, yayanta, ya yi dariya da nama a baki. Shi ne angon da za a yi bayan mako uku, kuma hawa na goma sha ɗaya aka yi wa fenti don ya zauna da amaryarsa.

"Ƙyale ta, Baba, yatsunta sun manta biro. Ka miƙa mata madannai ka ga aiki. Tak-tak-tak, kamar kaza a tire."

"Kaza dai tana ƙwai," in ji Nurhan. "Kai me kake yi?"

"Mama, kina jin ta ko?"

"Ku ci abinci," Faukiyya ta ce, idonta a kan faranti. "Nurhan, ga cinya, ke na ajiye wa."

Hajji Sha'aban ya tura takardar gaba da yatsa ɗaya, har ta taɓa farantin yarinyar.

"Shekara talatin da takwas yashi yana cin kafaɗata. Ban san alif ba sai da na yi gemu. Na ce ɗaya daga cikin 'ya'yana sai ya riƙe takardar da ake sa ni in tsaya a ƙofa saboda ba ni da ita. Wannan," ya nuna Midhat da haɓa, "makaranta ta tofo shi. Ke kika haye. Ranar da kika kawo katin ƙungiyar injiniyoyi, na shiga gidan shayi, mutane suka miƙe. Uban Bashmuhandisa, babbar injiniya, ya zo. Yanzu in sun tambaye ni me 'yata take yi, in ce me? Tana danne-danne?"

"Ka ce musu ta sami aiki."

Cokalin Faukiyya ya tsaya a hanya.

"Wane aiki?"

"Kamfanin nan na Alƙahira da na je wa gwaji. Sun kira jiya. Ranar ɗaya ga wata zan fara."

"A matsayin me?" in ji uban.

"Ƙaramar mai rubuta manhaja."

"Ƙarama," ya maimaita, kamar ya tauna tsakuwa. "Shugaban naki, shekararsa nawa?"



"Ashirin da huɗu."

Midhat ya kifa kansa a tebur yana dukan katako.

"Bashmuhandisa Nurhan, mai leburori arba'in a ƙarƙashinta, za ta je ta ce wa yaron da bai gama fitar da gemu ba 'ranka ya daɗe, in danna?'"

"Zan ce. Shi in na yi abu daidai ba ya jira in juya baya ya ɓata."

"Da wa kike?" in ji uban.

"Da kai, Baba."

Na ajiye ƙashin da nake tsotsa. Na san irin wannan murya. Kakarta, uwarmu, da ita take magana in ta gama yanke shawara.

"Shekara shida ina tsaye a rana a wurin aikinka. In ce ga iyakar ruwan da za a zuba a kankare, in tafi ɗauko tef, in dawo in tarar an ƙara don ya yi saurin zuba. In rubuta rodi mai kaurin milimita sha shida, mota ta sauke mai sha biyu, ka ce ƙarfe ƙarfe ne. In yi magana, leburori su kalli ƙasa suna murmushi, don sun san wanda yake biyansu. Ba injiniya ka so ba. Hatimi ka so, mai ƙafa biyu, wanda yake cin abinci a gidanka."

"Sai kika gudu wurin akwati."

"Akwatin in na yi kuskure, nan take yake faɗa mini. Ba ya jira shekara goma ya faɗo a kan mutane."

"Wane ginina ne ya taɓa faɗuwa?"

Ta tashi ta shiga ɗakinta. Faukiyya ta bi ta da ido, ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa.

Nurhan ta dawo da kwamfutarta. Ta ture kwanon agwagwa gefe, ta buɗe ta a tsakiyar tebur.

"Ɗauke wannan daga gaban abincina."

"Minti biyar, Baba. Bayan nan in ka ce in sa hannu, sai mu sake magana."

Ya kwantar da bayansa a kujera. Ya ɗauka ta fara saukowa. Ni ma haka na ɗauka.

"Kamfanin nan ba su damu da takardar jami'ata ba," ta ce. "Cewa suka yi in nuna musu abin da na rubuta da hannuna. To ni me na sani in ba gini ba? Sai na rubuta wata 'yar manhaja. Ka ba ta zanen gida, kaurin ginshiƙi, yawan rodi, yawan hawa, ta faɗa maka ko ginshiƙin zai ɗauki abin da aka ɗora masa. In zai ɗauka, kore. In ba zai ɗauka ba, ja."

"Fitilar hanya ta ƙera," in ji Midhat.

"Ina buƙatar zane na gaske in gwada ta da shi. Na buɗe kabad ɗin Baba na kwaso. Gidan kusa da asibitin ido, kore. Gidan Hajja Insaf, kore. Shagunan kasuwar kifi, kore, da ƙyar. Na sa benen bayan tasha."

Ta juyo da fuskar kwamfutar wajen ubanta. Ni da ban iya karanta rubutun Turawa ba, na ga layuka kore, a ƙasansu huɗu jajaye kamar an yanka su da wuƙa.

"Kun tuna watan da ya wuce, da na yi mako uku ba na fitowa?"

Mun tuna. Yarinya ta rame, idanu suka faɗa. Faukiyya ta dinga turara ƙofar ɗakin, wata maƙwabciya ta ce maita ce, ni na ce soyayya ce.

"Kuskurena nake nema. Mai koyo in ya ga ja, ba ya cewa duniya ce ta karkace, cewa yake ni ne ban iya ba. Na bi layi-layi, sama da dubu biyu. Na goge rabi na sake rubutawa. Na tambayi waɗanda muke koyo tare, wani yaro a Tunis ya kwana biyu yana dubawa, ya ce bai ga komai ba. Na yi kuka a kan wannan abu, Baba. Na ce Midhat ya yi gaskiya, na bar abin da na iya na zo ina wasa da abin da ba nawa ba. Saura kaɗan in rubuta wa kamfanin in ce su cire sunana."

"Da kin huta," in ji Midhat.

"Ranar ƙarshe na rufe ta. Na ɗauko fensir da takarda, na yi lissafin da hannu, yadda aka koya mana a aji uku. Na yi sau biyu."

"Sai?"

"Manhajar ba ta da laifi."

Ta ɗora yatsa a kan jajayen layukan.

"Ginshiƙai huɗu na ƙasa, ta bayan ginin. An zuba su don hawa biyar. Suna ɗauke da kusan ninki biyu na abin da za su iya."

Hajji Sha'aban ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ya ɗaga hannunsa na dama, mai yatsu kamar turaku.

"Kin ga wannan? Kafin a haifi wanda ya ƙera akwatinki wannan hannu yake taɓa kankare. In na buga ginshiƙi da guduma, sautin yake faɗa mini lafiyarsa. Na buga waɗannan huɗun da kike magana. Suna amsawa kamar ƙararrawa. Shekara biyu ginin yana tsaye, ruwan sama ya dake shi, jirgi yana wucewa sau ashirin a rana yana girgiza shi. Ya faɗi?"

"Babu kowa a ciki, Baba. Ba a cika tankunan ruwa a sama ba. Ba a sa tayil a hawa huɗu ba. Ba firji, ba kabad, ba yara masu tsalle. Jaki ne da ba a ɗora masa kaya ba tukuna, ƙafarsa kuma ta riga ta fara rawa."

"Ina rawar?"

"Ƙofar shagon ƙasa ta daina rufuwa. Kafinta ya fere ta sau biyu. Ka tambayi Midhat, shi ya kira shi."

Midhat ya daina tauna.

"Katako ne ya sha ruwa."

"A watan Yuli?"



"Abu ɗaya ne ban gane ba," Nurhan ta ci gaba, a hankali yanzu. "Ginshiƙi in ya gaji, tsagewa yake. Wannan gini ba tsagewa kawai yake ba, jingina yake ta baya. Na rataya zare da dutse daga hawa na shida na auna. Amma takardar gwajin ƙasa da ke cikin fayil ta ce ƙasar wurin mai ƙarfi ce. Da ita na ciyar da manhajar. In takardar gaskiya ce, bai kamata ya jingina ba."

Sai ta juyo ta dube ni.

"Kawu Sabri, kai ka sayar wa Baba filin."

Naman da ke bakina ya zama auduga.

"Sabri," in ji Hajji Sha'aban, ba tare da ya kalle ni ba, "ci agwagwarka."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ba waliyyi ba ne. Na sayar da gida mai yoyo a watan rani, na sayar da shago mai fuskantar maƙabarta na ce iska ce take shigowa. Amma a benen nan, gida tara ni na kawo waɗanda suka saye su. Mutanen da suka san ƙofata. Ɗaya malamin makaranta ne mai 'ya'ya biyar, ɗaya mai wankin mota da ya yi shekara goma sha biyu a Kuwait yana tarawa. Na lissafa: in na yi shiru, na rasa barci. In na yi magana, na rasa suruki. Suruki kuma dama ba sona yake ba.

"Kududdufi ne," na ce.

"Sabri."

"Ni na yi wanka a cikinsa ina yaro, Abu Midhat, kai ma ka yi. Ruwan rafi ne yake taruwa a wurin, mata suna wanke tukwane. Da aka rushe tsohon ma'ajin auduga aka kwaso ɓaraguzai aka cike shi. Rabin filin ta gaba ƙasa ce ta Allah. Rabin baya shara ce da laka."

"Takardar gwajin fa?" in ji Nurhan.

"Ta filin maƙwabci ce, na ƙetaren titi. Aka canja lamba."

"Wa ya canja?"

Na kalli silin.

Hajji Sha'aban ya juyo gaba ɗaya, kujera ta yi ƙara.

"Shekara talatin kana cin abincina, ɗan dillalin banza. Kai ka kawo ni wurin, kai ka ce mini laka ta daɗe da bushewa."

"Na ce ta bushe wa hawa biyar. Ban ce ka gina hasumiya ba."

"Fita daga gidana."

"Gidan ƙanwata ne rabi. Zan fita daga rabinka."

Nurhan ba ta saurare mu ba. Ta ja kwamfutar gabanta, ta goge wata lamba, ta sa wata. Ta danna. Ba a yi daƙiƙa biyu ba.

Ban ga fuskar kwamfutar ba, fuskarta na gani.

"Nawa ne ja yanzu?" na tambaya.

"Duk layin baya, Kawu. Har da matakala."

Ta ɗauki takardar ubanta da yatsa biyu, ta ninke ta, ta ajiye masa a gefen farantinsa, ta ɗora biron a kai kamar yadda ya kawo.

"A sauke hawa shida, a ɗaure harsashin ta baya, zan zana maka yadda za a yi, kyauta, kafin in tafi. Wannan kuwa, ko za ka yanka ni a kan teburin nan, ba zan sa ba."

Na zaci zai ɗaga hannu. Bai ɗaga ba. Ya ɗauki kofin ruwa ya sha rabi, ya goge gashin bakinsa. Da ya yi magana, muryarsa ta kwanta, wannan kuwa ya fi ihu ban tsoro.

"Kina ganin yau na fara neman takardar nan?"

"Ban gane ba."

"Takarda tana ofishin gunduma tun ranar Litinin ta makon jiya. Da hatiminki. Da sunanki. Da sa hannu."

Nurhan ta tsaya kamar an zare mata waya.

"Hatimina yana cikin akwatin kayana, a kulle."

"Je ki duba. Yana nan. An mayar."

"To wannan ta mece ce?" ta nuna ninkakkiyar takardar.

"Wani ma'aikaci da ya san ni ya gwada sa hannun da wanda ƙungiyarku take da shi. Ya ce wutsiyar harafin ƙarshe ba ta yi daidai ba. Ya ajiye fayil ɗin a aljihun tebur, ya ba ni zuwa Lahadi. In na kawo ta gaske, ya zare waccan ya yaga. In ban kawo ba, ya tura sama a matsayin jabu. Kin san shekara nawa ake ba mai sa hannun jabu a takardar hukuma, ke da kika yi karatu."

Ta juya kan yayanta kamar za ta cinye shi.

"Kai ne. Tun muna yara kake satar sa hannun Baba a katin makaranta."

"Wallahi ba ni ba ne."

"Rantsuwarka ta fi siminti araha."

"Na ce ba ni ba ne. An ce in yi, na ƙi. Ina da aure a gabana, in je in shiga kurkuku saboda ke?"

"Ko a wannan ma matsoraci ne," in ji uban. "Ni kuma kin san hannuna. Sunana ma da ƙyar yake fita."

"To wa?"



Faukiyya ta fara tattara farantai, alhali ba wanda ya gama. Ta ɗora ɗaya kan ɗaya, cokali ya zame ya faɗi, ba ta sunkuya ba.

"Mama, ajiye farantan."

"Miya za ta bushe a jiki."

"Mama."

Ƙanwata ta ajiye. Ta zauna a bakin kujera, ta haɗa hannuwanta a cinya.

"Ranar da kika tafi Alƙahira gwaji," ta ce. "Makullin yana cikin safar sanyinki, inda kike ajiye shi tun kina sakandare."

"Hatimin ke nan. Sa hannun fa?"

"Ni na koya miki rubuta sunanki, Nurhan. Na san yadda kike jan harafin nun na sunanki."

Wannan mata aji shida ta yi a duniya. Ni na raka ta makaranta, ni na ɗauko ta ranar da aka ce ya isa.

"Kwana tara ina gwadawa a bayan kalanda," ta ce. "In kin shiga ɗaki kina naki, ni ina kicin ina nawa. In na cika shafi in ƙona a murhu. Na ɗauka na iya."

"Ke ce kike kawo mini shayi kina cewa in daure, zan gane kuskuren."

"Da gaske nake."

"Ke ce kika sayar da awarwaronki kika saya mini wannan," ta dafa kwamfutar, "kika ce kada Baba ya sani."

"Da gaske nake, 'yata. Ina so ki tafi. Na ga yadda wurin aikin nan yake cin ki. Na ce in takarda ta wuce, ubanki zai sake ki, ɗan'uwanki ya shiga gidansa, ke ki tafi Alƙahirarki ba mai riƙe miki riga. Na ce hatimin ai kin daina amfani da shi, yana kwance kamar tsohon takalmi."

"Mama, in ginin nan ya faɗi, sunan wa za a karanta?"

"Ubanki ya ce ba zai faɗi ba."

"Ɗanki za ki sa a samansa."

Faukiyya ta dubi Midhat. Ina jin sai a lokacin maganar ta isa inda za ta isa.

Hajji Sha'aban ya warware takardar, ya shafe ninkin da gefen hannunsa, ya sake tura ta.

"To ga lissafi, tunda kina son lissafi. Ba sai da akwati ba. Ki sa hannu, uwarki ta kwana a gadonta. Ki ƙi, ranar Lahadi a zo a tafi da ita da gyalenta na kicin, unguwa tana kallo. Kore ko ja?"

"Kai ka sa ta."

"Ban riƙe mata hannu ba."

"Ka san abin da kake yi. Ka zaɓi wadda ba zan iya kai ƙara ba."

"Na ce miki ban yi makaranta ba. Ban ce miki ni wawa ba ne."

Nurhan ta dubi biron. Ta daɗe tana dubansa. Na ga yatsunta sun matsa kusa da shi, wajen faɗin hannu ɗaya. Midhat ya saki numfashi. Ni kuwa na fara tunanin malamin nan mai 'ya'ya biyar, da yadda ya sumbaci makullin ranar da na miƙa masa.

Aka danna ƙararrawar ƙofa.

Ba wanda ya motsa. Aka sake dannawa. Midhat ya tashi ya buɗe, na ji muryarsa ta canja ta zama ta yaron kirki.

"Marhaba, Kawu Garib, shigo, shigo, ka tarar da mu a kan abinci."

Usta Garib ne, uban yarinyar da Midhat zai aura. Tsohon direban jirgin ƙasa, shekara talatin da biyar a kan layin Iskandariyya, mutum ne da ba ya zuwa gidan kowa ba a gayyace shi ba. Ya shigo da casbi a hannu, ya yi sallama, ya ƙi kujerar da aka miƙa masa.

"Ku yi haƙuri da shigowa a kan abinci, Hajji. Gobe Asabar za mu kai kayan ɗaki, mota shida na ɗauka. Sai ɗazu a ƙofar masallaci kafintan da ya gyara muku ƙofar shago ya ja ni gefe, ya faɗa mini wata magana da ba ta yi mini daɗi ba."

"Kafinta mashayi ne," in ji Hajji Sha'aban. "Zauna ka ci agwagwa."

"Na ƙoshi. Na ce masa ƙarya yake, don an gaya mini Bashmuhandisa da kanta ta duba ginin ta sa hannu. Yarinyar nan kuwa tun tana da kitso biyu na san ta, ba ta taɓa cewa fari baƙi ne ba." Ya juyo wajen Nurhan. "'Yata, ni 'ya ɗaya gare ni. Ba takarda na zo gani ba. Daga bakinki nake so in ji. Gidan nan lafiya yake?"

Na ga hannun Faukiyya ya bi ta ƙarƙashin tebur ya kama wuyan hannun 'yarta.

Hajji Sha'aban ya sunkuyo kamar zai ɗauki burodi, ya yi magana yadda mu na kusa kawai za mu ji.

"Ki buɗe baki, uwarki ce ta farko a motar 'yan sanda."

Nurhan ta dubi uwarta. Uwar tana girgiza kai a hankali, hawaye yana bin gefen hancinta, ban san ko "kada ki faɗa" take nufi ba ko "kada ki saurare ni."

Yarinyar ta sa ɗaya hannun ta ɓamɓare yatsun uwarta, ɗaya bayan ɗaya. Ta sumbaci bayan hannun, ta ajiye shi a kan tebur.

Sannan ta ja kujerar da ke kusa da ita.

"Zauna, Usta Garib. Motocin nan shida, kana da lambar direbobin?"